Muryar Aron Abban Kumatu

Assalamu alaikum 'yan uwana, ku matso kusa. Na san kun yi fushi da ni, na ga saƙonninku, har da mai cewa "Maman Kumatu ko mijin ne ya ƙwace wayar?" Bai ƙwace ba 'yar uwa, bawan Allah nan ko tsinke bai taɓa ƙwace min ba. Gidan namu ne ya shiga wani hali, ni kuma in hankalina ba a kwance yake ba ko layi ɗaya ba na iya haɗawa. Yau kuwa bakina cike yake fal, tun jiya nake jin kamar in fita bakin titi in tare mutane in ba su labari. Da hannu ɗaya nake rubutun nan, ɗayan na riƙe da ƙafar Kumatu kar ta gangaro daga gado, don haka in kun ga kuskure ku gyara da kanku, kun san karatun nawa bai yi nisa ba.

Saboda sababbin zuwa bari in maimaita. Ni ce auta a gidanmu. Babanmu ya rasu tun ban san kaina ba, babban Yayanmu ne ya riƙe mu, shi ne uban shi ne alƙalin, in ya ce a'a ko Mama ba ta sake tayar da maganar. Mijina kafinta ne, yana da shagonsa da injinan yankan katako da abokan aiki. 'Yarmu ɗaya, ita ce Kumatu, sunan ma ya isa ya gaya muku yadda take, yanzu ta fara jan ciki.

Ku da kuka daɗe tare da ni kun san abin da nake yawan yi muku fariya da shi, muryar Abban Kumatu. Wallahi ba tsayinsa ne ya kama ni ba, ba kuma sana'arsa ba. Ranar da ya fara zuwa gidanmu gyaran ƙofar ɗakin Mama ina kicin ina wanke-wanke, ban ma ga fuskarsa ba, sai dai na ji Yaya ya tambaye shi ko ya gama, aka amsa da "Na gama, ranka ya daɗe." Murya ce mai kauri, daga can ƙasan ƙirji, irin wadda in ta fito sai ka ji kamar kofunan kan tire suna motsi. Na tsaya da soso a hannu, kumfa na ɗiga min a ƙafa. A raina na ce ko wane ne wannan, Allah ka sa ba shi da mata.

Yaya ma ita ta saye shi. Da ya zo neman aurena Yaya ko dogon bincike bai yi ba, ya ce wa Mama, "Wannan namiji ne, daga jin maganarsa kin san zai riƙe gida." Ni kuma bayan aure ba ranar da ba na yaba masa ita. In ya kira ni a waya sai in ƙi kashewa, in ce ƙara cewa wani abu. Ya ce me zan ce? In ce ko sunayen ƙusoshi ne ka jero min. Ƙawayena har sun gaji da ni.

Bayan haihuwar Kumatu ne na fara lura. Da safe muryar lafiya lau, kafin la'asar ta dushe, in ya dawo daga shago sai ka ji kamar ana jan buhu a kan siminti. Ga yawan gyaran murya, bini-bini "ehem, ehem," ya ce ji yake kamar wani abu ya maƙale masa a maƙogwaro, ya ƙi wucewa ya ƙi fitowa. Na ce ƙurar katako ce. Na dafa citta, na matsa lemun tsami, na zuba zuma. Maƙwabciyata ma ta kawo wani gari a ƙullin leda wai na kakarta ne, warinsa kaɗai ya isa ya kori sauro. Duk ya shanye. Sai wata safiya yana gaya min abin da zan sayo a kasuwa, na ga ya runtse ido ya dafe bayan kunnensa na hagu.

"Abban Kumatu mene ne?"

"Ba komai."

"Ba komai ake dafe kunne?"

"In na yi magana ne yake sukata. Daga nan har cikin kunne."

"Tun yaushe?"

Ya kau da kai. Wato an daɗe.

Na ajiye Kumatu, na ɗauko farar rigarsa mai dogon hannu na goge, na ce yau ko injinan nan za su yi kuka da hawaye ba za ka shago ba. Ni kuma na zura doguwar rigata ruwan toka mai zif a gaba saboda shayarwa, na yafa ƙaramin mayafi, na cusa kayan yarinya a jaka, muka nufi asibiti.

Aka tura mu wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Mace ce, 'yar ƙarama haka, da tabarau a rataye a wuya, tana magana a hankali kamar ba ta so ta tashi wani daga barci. Ina son matar nan har raina. Ta fesa masa wani abu a hanci, ta ɗauko wata siririyar igiya baƙa mai fitila a bakinta, ta zura ta hancin. Ni na kau da kai. Shi ko motsi bai yi ba, hannayensa na kan gwiwa kamar mai jiran aski.

"Maman yarinya juyo ki gani," in ji ta, "ba abin tsoro ba ne."

A allon da ke gefenta na ga wasu abubuwa biyu farare-farare kamar leɓe a tsaye, suna buɗewa suna rufewa in ya ja numfashi. Ta ce su ne ke kaɗawa su ba da murya. Can ta baya, a gefe ɗaya, ga wani wuri ja da fari a tsakiyarsa, irin ciwon nan da ke fitowa cikin baki in ka ciji kanka.

"Wannan gyambo ne. Duk sanda ya yi magana da ƙarfi ko ya yi gyaran murya, gefen nan biyu suna dukan juna daidai wurin. Kamar takalmi ne ya ci mutum a dunduniya, kuma kullum ya sake sa shi ya yi tafiya."

Ni dai abu ɗaya ne a raina, na daure na fito da shi. "Likita, ba mugun ciwon nan ba ne ko?"

"Bai yi kama da shi ba. Amma za mu ci gaba da dubawa har ya rufe, in ya ƙi sai mu ƙara bincike."

Sai ta jero dokoki. Zai yi shiru na wasu makonni. Ban da ihu, ban da gyaran murya, in ya ji abin ya taso ya kurɓi ruwa. Ban da yaji, ban da kwanciya da an gama cin abinci, wai ruwan ciki mai tsami yana tasowa ya ƙona wurin, ta rubuta masa maganin hakan. A shago kuma ya riƙa rufe hanci da baki. Na ce to ai da sauƙi, sai ya riƙa yi min raɗa. Ta ce ban da ita ma, raɗa matse wurin take. Kun ji fa, ni da na ɗauka raɗa hutu ce.

'Yan uwa, na ga haƙuri. Ni da za a ce in yi shiru daga azahar zuwa la'asar sai dai a ɗaure min baki da ɗankwali. Mutumin nan ya rufe nasa kamar an sa kwaɗo. Ya sayi usur irin na alƙalin wasan ƙwallo ya rataya a wuya, da shi yake sa a tsayar da inji a shago. A gida kuma katako yake ƙwanƙwasawa, da yake komai na ɗakinmu shi ya ƙera. In ya buga hannun kujera ruwa yake so, in ya buga kan gado wai in zo da gudu in ga abin da Kumatu ke yi. Ranar da ya buge yatsa da guduma, abokin aikinsa ne ya ba ni labari, wai tsalle ya yi ta yi yana zagaya shagon, hawaye na zuba, amma ko "wash" bai ce ba.

Sauran zance duk a waya. Muna zaune a kujera ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa, sai in ji wayata ta yi ƙara.

"Gishiri ya yi yawa."

Na rubuta, "Ka faɗa da baki in ka isa."

"Cin zali."

"Yanzu nake jin daɗin aure, ni kaɗai ke magana."

"Da ma can wa ke yi?"

A makonnin nan ya rubuta min abubuwan da bai taɓa faɗa da baki ba. Wata rana ina goge madubi sai ga saƙo, "Rigar nan mai fulawa ta fi dacewa da ke, kar ki ƙara ba wa kowa aronta." Na juyo, ya wani mayar da ido kan talabijin kamar ba shi ba. Yaya ma ya kira shi a lokacin, ni na ɗaga na yi bayani. Ya ce Allah ya sauwaƙe, in ya warke ya neme shi.

Da ranar komawa ta zo aka sake zura igiyar nan. Jan ya ragu, gyambon ya kusa rufewa. Likita ta ji daɗi, ta ce yanzu zai fara magana kaɗan-kaɗan, ta ce ya gaishe ta ta ji. Ya gyara zama, ya sauke haɓarsa ƙasa, ya ce, "Ina kwana Likita." Ga abata ta dawo, na ji ta har cikin bayana. Amma Likita ba ta yi murmushi ba. Ta ce ya sake. Ya sake. Ta taso ta ɗora yatsu biyu a maƙogwaronsa.

"Malam, rufe bakinka. Ka yi kamar ana ba ka labari kana yarda, ka ce mhm. Kar ka shirya, kawai ka yi."

Ya ce, "Mhm."

"Ja shi. Mmmm. Yauwa. Yanzu buɗe baki a kansa ka ce ina kwana."

Jama'a, wata murya ce ta fito, siririya, sama-sama, tas da ita kamar ta ɗan makarantar da aka ce ya tashi ya yi karatu. Har na waiga in ga wa ya shigo ɗakin. Ba kowa. Daga bakin mijina ta fito.

Na yi dariya. Ban yi niyya ba, ƙwace min ta yi, irin mai fitowa ta hanci. Na toshe baki da gefen mayafi amma ta riga ta fita.

Likita ko kallona ba ta yi ba. Ta ce masa, "Wannan ita ce muryarka. Waccan dannewa kake, kana tura maƙogwaronka ƙasa da ƙarfi, shi ya ci maka wurin. Ihun shago da ruwan ciki ƙari ne kawai. In ka koma mata gyambon zai dawo, ya yi tsiro, wata rana sai an kai ga aiki, shi ma aikin in ba ka daina ba dawowa abin yake." Ta haɗa shi da wani mai koyar da yadda ake fitar da murya ba tare da an wahalar da ita ba.

Har muka iso gida bai kalle ni ba. An sake shi ya yi magana, amma sai shirun ya fi na da. Na da shiru ne mai wasa a ciki, wannan kuwa ko hannun kujera ya daina bugawa, in yana son ruwa da kansa yake tashi ya ɗebo. Yana zuwa wurin mai koyarwar shi kaɗai, ya dawo ya ɗauki Kumatu ya yi ta jijjiga ta, ni kuma sai ɗaga kai da girgiza kai. Na rasa inda zan sa raina. Na rubuta masa:

"Abban Kumatu ka yafe min. Ba kai na yi wa dariya ba, mamaki ne."

Ya karanta, na ga alamar, amma bai amsa ba sai da rana ta take yana shago. Ina yankan albasa saƙon ya shigo, dogo.

"Kin tuna ranar da na zo gyaran ƙofar Mama? Ina durƙushe a bayan ƙofar da ƙusoshi a bakina, Yaya na tsakar gida yana ba Mama labarin malamin makarantar da ya zo neman aurenki ya kora. Ya ce wanda in ya yi sallama sai ka ɗauka ƙanwarsa ya aiko, shi zai riƙe Auta? Ni kuma na riga na hango ki kin wuce da bokiti. Da ya tambaye ni ko na gama, sai na tofar da ƙusoshin na danne murya. Na ce na yau ne kawai."

"Sai kuma me?"

"Sai kika ce ita kike so."

Na ajiye wuƙar na zauna a ƙasan kicin ɗin, hawayen da ke zuba ban san na albasa ne ko nawa ba.

"Shekarun nan duka?"

"Har a shago. Har a gidanmu. Umma ta ɗauka girma ne ya zo min a makare, har godiya ta yi wa Allah."

"Ba ka gajiya?"

"Kullum. In kowa ya tashi na rage ni kaɗai a shago nake hutawa."

Don Allah ku gaya min, wace mace aka taɓa yi wa wannan? Ana sayen zobe, ana sayen waya, wasu har mota. Ni mutum ne ya ɗauki kaya a maƙogwaronsa safe da yamma, yana jin suka har kunne, don kawai in ce ƙara cewa wani abu. Kuma ni sakarya ina ta cewa ƙara. Na ji shi ya cika min ido fiye da ranar ɗaurin aurenmu, na kuma ji kamar in mari kaina.

Na rubuta da sauri, "Wallahi ko muryar kaza ce ina so."

"Kin gani ko. Kaza."

"Ba haka nake nufi ba."

"Na sani."

Ya ce ya sani, amma ya dawo gida da yamma bakin nan a rufe.

To ni da bakina ban iya riƙe abu ba. Tun ranar da muka dawo daga asibiti na gaya wa Mama likita ta sake shi, ban dai faɗi sauran ba. Mama ta gaya wa Yaya. Yaya ya kira shi, bai ɗaga ba, ya tura masa gaisuwa a rubuce. Ya sake kira, aka sake tura rubutu. Wanda ya san Yaya ya san an taɓo inda ba a taɓawa. Shekaranjiya sai ga saƙon murya a wayata:

"Auta. An ce likita ta sake shi. Na kira ya ƙi ɗagawa, rubutu yake turo min kamar kamfanin waya. In wani abu ne tsakaninku ki faɗa min. Gobe ina zuwa. In ban ji daga bakinsa ba, ki haɗa kayanki da na yarinya ki zo gida ki zauna, har ya tuna yana da manya."

Na kunna wa Abban Kumatu. Ya saurara har ƙarshe, ya ɗauki wayarsa.

"Zan yi masa da waccan. Ɗan lokaci ne kawai."

Wannan karon ban rubuta ba, da baki na faɗa. "Wallahi in ka yi da waccan, ni da kaina zan haɗa kayan. Ɗan lokaci ne ya kai mu inda muke."

Ya kife wayar a kan cinyarsa.

Kun ga inda muka tsaya ke nan. In ya yi shiru, Yaya ya tafi da ni. In ya danne murya, ciwo ya dawo. In ya yi da tasa, a gaban mutumin da ya kori wani saboda irinta ne.

Jiya da hantsi na share falo, na goge teburin tsakiya har ina ganin fuskata, na canja labule na sa mai ruwan zuma. Na sa wa Kumatu 'yar rigarta ja mai maɓalli a baya, ni kuma na sa mai fulawar nan. Jaka kuwa ko kallon inda take ban yi ba. Abban Kumatu ya sa farar rigarsa, ya cire usur daga wuya ya ajiye a kan talabijin.

Yaya ya iso cikin riga ruwan ƙasa, guga kamar za ta yanki mutum, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ya zauna a tsakiyar doguwar kujera ya baje. Abban Kumatu ya ba shi hannu biyu, ya koma ƙaramar kujera ya zauna a bakin-bakinta. Na kawo ruwa da lemo, na ƙi fita, na tsaya jikin ƙofa rungume da tire.

"Ehem. Kafinta, an ce ka warke."

Shiru.

"Da kai nake."

Ina kallo ya fara sauke haɓar nan ƙasa. Na ƙanƙame tiren har gefensa ya shiga min hannu. Sai ya tsaya. Ya miƙa hannu ya ɗauki kofi ya kurɓi ruwa. Ya rufe baki ya ce "mmmm" a hankali. Yaya ya juyo ya kalle ni, irin kallon ko ciwon ya taɓa kai ne. Shi kuwa ya ɗago haɓarsa, ya kalli Yaya ido cikin ido.

"Yaya, barka da zuwa. Ka yi haƙuri da rashin ɗaga wayarka. Kunya ce ta hana ni."

Da farko siririyar muryar ta ɗan yi rawa, daga baya ta tsaya cak. Kofin lemon Yaya ya tsaya a hanya, bai kai baki ba bai koma tebur ba.

"Ciwon ne ya mayar da kai haka?"

Kun ga ƙofa an buɗe masa. A raina ina ta cewa ka ce eh, ka ce eh, ni zan rufa maka asiri har kabari, ba wanda zai zargi mai ciwo.

"A'a Yaya. Da ita aka haife ni. Waccan ta aro ce, ita ta ji min ciwon. Ranar da na zo gyaran ƙofa na ji abin da ka faɗa a kan malamin nan, na ji tsoro kar ka hana ni Auta. Na rufe ka, na rufe ta. In akwai hukunci ni za a yi wa, amma ita da yarinya don Allah kar a ɗaga su daga ɗakinsu."

'Yan uwa, ko alamar dariya ba ta zo min ba. Tunda nake ban taɓa jin magana ta cika ɗaki kamar wannan ba, kuma da 'yar siririyar muryar nan aka yi ta. Na ji kamar in ajiye tiren in yi guɗa.

Yaya ya ajiye kofin. "Wane malami?"

"Malamin makaranta."

"Ni na faɗi haka?"

Na ce, "Ka faɗa Yaya."

"Ke rufe min baki, da ke ake?" Ya mayar da kallonsa kan Abban Kumatu, ya daɗe. "Wato shekarun nan duk dannewa kake."

"Eh Yaya."

"Kuma shi ke kawo ciwon."

"Haka likita ta ce."

"Yaya yake yi?"

"Kamar abu ya maƙale. In an yi magana ya soka, har cikin kunne."

Yaya ya ce "hm." Ya sunkuya ya ɗauki Kumatu da ta jawo ciki har ta kama masa takalmi, ya ɗora ta a cinya, ta kama gemunsa tana ja. Muna ta jiran hukunci, shi kuma yana ta wasa da yarinya. Can ya bubbuga hannun kujerar da yake kai, ya jijjiga jikinsa hagu da dama.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni na yi."

"Ba ta motsi."

Shi ke nan fa. Wanda bai san Yaya ba zai ce ba a ce komai ba. Ni da na san shi na gane an wuce wurin. Maganar haɗa kaya ko sau ɗaya ba ta sake fitowa ba. Ya ci abinci, ya ƙara, ya ce gishiri ya yi yawa.

Da zai tafi muka rako shi har bakin ƙofar gida. Sai ya ce, "Auta koma ciki, yarinya na kuka." Kumatu na kafaɗata tana tsotsar yatsa, ko tari ba ta yi ba. Na ce to Yaya, Allah ya kiyaye hanya, a gaida Mama. Na shiga, na tura ƙofa, na bar ɗan tsaga, na manna kunne.

Na ji ya yi gyaran murya, ya sake yi. Sannan ƙasa-ƙasa ya ce, "Ita likitar nan, wace rana take zama?"

Abban Kumatu ya gaya masa.

"Wani abokina ne. Shi ma yana jin abu ya maƙale masa."

"Abokin naka, har kunne yake jin sukar?"



"Na dama," in ji Yaya.

Na tsaya a bayan ƙofar baki buɗe. Tunda aka haife ni murya ɗaya na san Yaya da ita, wadda in ya yi sallama daga waje kowa ke gyara zama, har Mama. Ban taɓa tambayar kaina daga ina ya samo ta ba. Yana saurayi fa Baba ya rasu ya bar masa gida cike da mu.

Abban Kumatu ya turo ƙofa ya same ni a wurin. Ya kalle ni, na kalle shi. Hannunsa ya tafi aljihu wurin waya, sai ya fasa.

"Kin laɓe ko?"

Da bakinsa ya faɗa. Ni ya faɗa wa.

Na ce, "Iska nake sha."

"A bayan ƙofa."

"Nan ta fi kaɗawa. Kai za ka raka abokin nasa?"

"Ni zan raka shi. Ya ce kar Auta ta ji."

"To ai ni ma ranar ina da zuwa asibiti, Kumatu na da allura."

"Ba ta da wata allura."

Na gyara mata zama a kafaɗata na ce, "Za ta samu."